Yadda zaka juya ledar kujerar direba da ta mai zaman banza ba tare da ka jawo wa kanka matsalar iyabag ba

Duk motar da ta kwana biyu a hannu, ko da mai ita mutum ne mai tattali, in ka buɗe ƙofar direba abinda zai fara maka sallama shine gefen kujerar nan na hagu. Ledar ta tsattsage ko ta fara ɓarewa, soson ya kwanta, in tafiya tayi nisa irin Kaduna zuwa Kano tun kafin ka kai Zariya ka fara jin ƙarfe a cinyarka. Ka zagaya ɗaya ɓangaren kuma sai kaga kujerar mai zaman banza tana nan garau. Dalilin ba wani ɓoyayye bane, tun 1972 da ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama sitiyarinmu a hagu yake, direba ta ƙofar hagu yake shiga yake fita, kullum sai ya goge wannan tudun na gefe da wando da walat da makullai, ga zafin watan Maris da Afrilu yana dafa ledar, ga hunturu yana busar da ita.

Toh anan ne mutane da yawa dabara take faɗo musu, su ce ai kawai a kwance kujerun biyu a juya su, ta dama ta dawo hagu ta hagu ta koma dama, shikenan an huta da kuɗin mai ɗinki. Dabarar ba laifi amma ba haka ake yinta ba. Kujera sukutum bata juyuwa a yawancin motocin da muke hawa yanzu, abinda yake juyuwa shine mazaunin, wato soso da ledar da kake zama akai. Majinginin baya kuwa magana ce daban, zamu zo kanta.

Bari in faɗi dalilin da yasa kujera sukutum bata juyuwa dan kar wani ya ɓata yininsa. Ƙafafun rel, wato ƙarfen da kujera take zamewa gaba da baya a kai, da suke ɗaure a ƙasan mota ba iri ɗaya bane dama da hagu, na ciki yakan hau kan tudun nan na tsakiyar mota na waje kuma yana ƙasa, ramukan noti basa haɗuwa. Makullin sit bel yana gefen ciki wajen giya, in ka juya kujera zai koma wajen ƙofa, bel ɗin kuma daga wajen ƙofar yake saukowa, kaga babu inda zaka soka shi kenan. Hannun kwantar da kujera da maɓallan lantarki suna gefen ƙofa, zasu koma su matse a jikin akwatin tsakiya inda hannu baya shiga. Sannan babbar maganar, iyabag ɗin gefe. Motoci irinsu Camry Muscle, Accord daga End of Discussion zuwa sama, Corolla na baya-bayan nan, da yawansu akwai iyabag a cikin majinginin kujera ta gefen ƙofa, aikinsa ya fito tsakanin haƙarƙarinka da ƙofa in an buge ka ta gefe. Ka juya kujera ya koma yana kallon wanda ke zaune kusa da kai. Allah ya kiyaye.

Daɗin juya mazauni kuma ga inda yake. Gefen da ya lalace a kujerar direba na hagu ne. In ka ɗauki wannan mazaunin ka kai shi dama, gefen hagunsa yanzu ya koma jikin akwatin tsakiya wajen hambirki, inda ba mai gani kuma ba mai goga shi. Shi kuma mazaunin mai zaman banza da ya dawo wajenka, gefen hagunsa da ya shekara da shekaru a ɓoye jikin akwatin tsakiya ba wanda ya taɓa shi, shine yanzu zai zama na bakin ƙofarka. Kusan sabo fil zaka samu.

Kafin ka taɓa sifana

Ka fara tabbatarwa mazaunan biyu zasu shiga gurbin juna, dan ba kowace mota ba. Ɗauko tef ɗin tela ka auna faɗi da tsawo na kowanne, ka duba ɗinkin ko iri ɗaya ne, ka tura hannu ta ƙarƙashi da gefe ka lalubo ko akwai inda aka yanke ledar saboda wani hannu ko maɓalli. Wasu motocin ledar direba tana da yanka a gefe na hannun ɗaga kujera sama, ta mai zaman banza babu. In yankan a ƙasa yake inda robar gefe zata rufe shi ba damuwa, in kuma a fili zai fito toh kayi shawara da zuciyarka ko zaka iya zama da shi. Wasu kuma tudun gefen ƙofa an yi shi gajere fiye da na ciki dan sauƙin shiga, irin wannan in ka juya zai zauna a karkace, gara ka haƙura.

Abu na biyu, ka duba dashbod ko kusa da rediyo ko akwai wata 'yar wuta da take nuna iyabag ɗin fasinja a kunne yake ko a kashe. In akwai, kujerar mai zaman banza tana da sansa mai auna nauyin wanda ya zauna. Yawancin motocin da aka shigo dasu daga Amurka ƙirar 2006 zuwa sama suna da wannan. Inda sansar take shine zai yanke hukuncin irin aikin da zakayi. A Toyota da Honda da yawa a jikin ƙarfen kujera take, kusa da rel, kaga soso da leda zasu tafi ita tana nan zaune a wajenta. A wasu motocin kuma wata 'yar shimfiɗa ce siririya mai waya, ko wata jaka mai ruwa-ruwa, a manne da soson ko a ƙarƙashinsa. In irin wannan ce soson fasinja baya zuwa ko'ina, leda kaɗai zaka juya. Kar wani ya ce maka a yanke wayar a haɗe ta, wannan sansar ita ke hana iyabag fashewa a fuskar yaro ƙarami in an zaunar dashi gaba, kuma mun san yadda muke ɗaukar yara a gidan gaba ranar Juma'a da ranar sallah.

Wani abu a gefe, motocin da asalinsu sitiyarin dama ne aka juya musu hannu a Kwatano ko a nan gida, sau da yawa ba a juya kujerun, sai kaga hannun ɗaga kujera sama yana ɓangaren mai zaman banza kuma can ne ledar tafi cinyewa. In irin wannan ce motarka ka duba da kyau kafin ka fara, wataƙila ma aikin da kake shirin yi an riga an yi maka shi tun a can.

Kayan aiki ba wasu masu yawa bane. Bokis sifana mai lamba 14 da 12 in Toyota ce ko Honda, da dogon hannu dan notin kujera yakan yi taurin kai. Motocin Turai irinsu Golf, Passat da Benz sukan zo da noti mai kan tauraro, ka leƙa ka gani tukuna kafin ka je kasuwar Panteka neman kansa. Sifana lamba 10 na batir, sukurudireba mai baki da mai sita, filaya mai yanka, filaya mai dogon baki, salatif ɗin takarda da biro, gam ɗin masu kushin, tabarma ko babban kwali, da WD-40 in notin yayi tsatsa. Sai ƙananan zobban ƙarfen nan da ake kama leda da soso dasu tare da filayarsu, wajen masu ɗinkin kujerar mota zaka samu. Kuma ka nemi mutum ɗaya ya kama maka, kujera mai lantarki takan haura kilo 20 ga ta da wuyar riƙo.

Ka fara da safe, a inuwa. Wanda ya fara bayan la'asar da fitilar waya zai ƙarasa.

Fitar da kujerun

A nan jerin yana da muhimmanci musamman in kujerar lantarki ce, dan in ka riga ka cire batir kujera bazata motsa ba kuma notin yana ƙarƙashinta. Cire matashin kai tukuna. Tura kujera gaba har ƙarshe, zaka ga notin baya guda biyu, wasu da 'yar roba a rufe sai ka ɓalle ta da sukurudireba a hankali, ka kwance su. Dawo da kujera baya har ƙarshe ka kwance na gaba biyu. Sai ka maido ta tsakiyar rel, ka ɗaga ta sama iya inda take kaiwa dan hannu ya samu shiga ƙarƙashi, ka miƙar da majinginin tsaye. Kayi haka a duka biyun. In noti yaƙi motsi kar ka hau shi da ƙarfin tsiya, fesa masa mai ka bashi minti goma, in kan ya murje ko ya karye a cikin bodi aikin ya koma na mai walda kuma walda a kan kafet kusa da wayoyi ba abin so bane.

Yanzu ka sauke gilas, ka kashe mota, ka zare makulli ka sa a aljihu. Buɗe bonet ka cire kan batir na nagetif, mai alamar ragi, ka naɗe shi da tsumma ka kawar gefe yadda bazai dawo ya taɓa ba. Sai ka jira. Na'urar iyabag tana riƙe wuta na ɗan lokaci ko bayan an cire batir, littafin gyaran Toyota yana cewa a jira aƙalla daƙiƙa 90, na Honda minti 3. Ni dai shawarata ka bata minti goma, kaje kasha ruwa ka dawo, ba abinda ka rasa. Masu Honda ku tuna wasu rediyoyin suna neman lambar sirri bayan an cire batir, ku nemo ta tun kafin.

Ka karkata kujerar da ka kwance tayi baya kaɗan, abokin aikinka ya riƙe, kai kuma ka leƙa ƙarƙashi. Kafin ka zare komai ɗauki hoto da waya, ɗauki da yawa ta kowane ɓangare, yadda wayoyin suka bi da inda aka maƙale su. Zaka ga soket biyu, uku ko fiye. Mai ruwan ɗorawa shine na iyabag, yana da makulli na musamman, wani sai ka ja wata roba baya wani sai ka ɗaga wani ɗan harshe sannan ya fita, kar ka fizge shi kuma kar ka ja ta waya. Kar ka sa mita ko fitilar gwaji a bakinsa, ko rewaya ne yazo taimako ya ɗauko tasa ka ce masa dan Allah Oga bar wannan. Wutar gwajin tana iya tayar da iyabag. Kuma muddin soket ɗin nan a cire yake kar a mayar da batir a murɗa makulli, ko dan a ɗaga gilas ne, kwamfutar mota zata rubuta laifi wutar iyabag ta tsaya a dashbod, wasu motocin sai an jona na'ura sannan ta goge.

Ka duba ko ƙarshen sit bel a jikin kujera yake ɗaure, wasu motocin haka suke. In haka ne ka kwance shi ka lura da yadda wasoshin suke jere dan ka mayar dasu daidai.

Wajen fitarwa ka shimfiɗa tsohon bargo a bakin ƙofa, ƙarshen rel kaifi gareshi, shi yake kankare fenti ya yage robar ƙofa, wani lokacin har ya karce sitiyari. Ka fara fitar da saman kujerar sannan ƙasan ya biyo. Abinda zaka tarar a kan kafet kuma sai ka riƙe baki, ƙwallon dabino, ɓawon gyaɗa, tsinken sakace, rasit ɗin gidan mai da ya koɗe, biron da aka zargi yara da ɗauka, da jar ƙurar nan da ta zama laka ta bushe. Tunda dama ta samu ka share ka goge. In kaga kafet ɗin da danshi ka ɗaga ka bar shi ya sha iska, damina tana shigar da ruwa ta ƙasa kuma danshin nan shi yake cinye soket ɗin ƙarƙashin kujera.

Raba mazauni da ƙarfe

Ɗora kujerun akan tabarma, ka manna salatif a jikin kowane ƙarfe ka rubuta hagu da dama, duk abinda ka kwance ka ajiye shi gefen kujerarsa. Nan gaba kaɗan komai zai fara kama da juna.

Robar gefe ita ce farko kuma ita tafi saurin karyewa, zafin garin nan ya riga ya gasa ta. Hannun kwantar da kujera wani zarewa ake yi, wani akwai ɗan kilif na waya a bayansa sai ka tura shi da sukurudireba. Maɓallan lantarki ɓalle kawunansu ake yi. Sai ka nemi sukurori, akwai wanda yake ɓoye ta baya ko ta ƙasan gaba, in ka ja robar kaji tana turjiya toh akwai sauran sukuru, koma ka nema, kar ka ce bari in ƙara ƙarfi.

Daga nan gini biyu ne. Wasu kujerun mazaunin yana kan wani faranti na ƙarfe da aka ɗaure da noti huɗu, galibi lamba 12. In naka haka ne kuma farantan biyu ramukansu sun dace, ka gode wa Allah, kwance ka musanya, aikin ya ƙare a nan. Amma sau da yawa farantin direba daban yake saboda na'urar ɗagawa. Ɗaya ginin kuma soson a kan ƙarfen da sifirin yake zaune kai tsaye, bakin ledar an ɗinka masa doguwar roba mai lanƙwasa da take maƙale a gefen ƙarfe zagaye, ta baya kuma akwai wani ƙyalle da yake bi ta tsakanin mazauni da majingini ya kama a ƙasa da igiyar roba ko zobba. Danna soson ƙasa da gwiwa ko tafin hannu ledar ta saki, sai ka zare robar nan bi da bi. In ka gama zagayawa soso da leda zasu ɗago tare.

Ka ɗaga a hankali kana leƙawa. Motocin da suka fito daga Amurka da Kanada da yawa suna da hita a kujera, wata 'yar shimfiɗa mai siririyar waya tsakanin leda da soso, wayarta tana fita ta ƙasa. Mu a Kaduna in ba asubar Janairu ba ba wanda yake tunawa da ita, amma kar ka yanke ta ka bar bakin waya tsirara a cikin soso. Zare soket ɗinta, in bakin na dama da na hagu iri ɗaya ne ka mayar bayan ka juya, in ba iri ɗaya ba ka naɗe da salatif ɗin waya ka ɗaure shi gefe.

Makullin bel kar ka taɓa shi, a jikin ƙarfe yake kuma a nan zai zauna.

Yanzu ka kifa sosan biyu kusa da juna ka kwatanta ƙasansu. Ramuka da kwarin da aka yi wa ƙarfe su kwanta a ciki, sun zo ɗaya? In sun zo ɗaya kuma babu sansa a jikin na fasinja, soso da leda tare zasu tafi, wannan shine mafi kyau dan rabin ciwon bayan direba daga mataccen soso yake ba daga leda ba. Kafin ka kai na direban dama ka gyara shi. Zaka ga inda ƙarfen gefe ya yanka soson ya shige ciki, garinsa yana zuba. Shafa gam a ɓangarorin tsagar biyu ka bari ya sha iska har ya daina kama yatsa sannan ka haɗe ka matse. Inda ya cinye gaba ɗaya ka yanko soso mai tauri, ba irin na filo ba, ka cike gurbin ka sassaƙe shi da reza ya bi siffar tudun. Daga ƙasa ka manna ƙyalle mai kauri, tsohon jins yana yi, dan ƙarfen kar ya sake cin wajen. Shi ma soson da zai dawo wajenka ka manna masa ƙyallen a gefen da zai zama na ƙofa tun yanzu, zaka ƙara masa shekaru.

In leda kaɗai zata juya

Nan ne aikin yake cin lokaci da yatsu. In ka naɗe ledar sama daga gefe zaka ga a cikin kwarin ɗinkin nan da suke ba kujera siffa akwai siririn ƙarfe a binne cikin soso, akwai wani kuma a cikin aljihun ƙyalle a jikin ledar, zobba ne suka haɗa su. Wasu motocin kilif ɗin roba ne ko maɗauri mai ƙaya-ƙaya da ake ɓantarewa. Ka ɗauki hoton inda kowane zobe yake sannan ka yanke da filaya ɗaya bayan ɗaya, kar ka ja ledar da ƙarfi, in ƙarfen cikin soso ya tumɓuko mayar dashi wahala ne kuma kujerar bazata sake yin siffarta ba. Duk guntun zoben da ka yanke ka tsince shi ka jefa a gwangwani, wanda ya ɓuya a soso watarana ta cikin leda zai ɓullo ya yaga wa wani shadda.

Tunda ledar direba tana hannunka ka juya cikinta, inda ya tsage ka manna ƙyalle ta ciki da gam ka haɗe bakin tsagar. In yagewar babba ce kai wa mai ɗinki ya canja wannan fallen kaɗai, tunda kai ka kwance ka kawo masa kuɗin aikin ba zai kai na wanda ya kai mota sukutum ba. Ka tsaya a kansa wajen zaɓen kala, ka ce Malam a fito da ita rana mu gani, dan a cikin shago duk ruwan toka ɗaya ne.

Wajen mayarwa ka shanya ledar a rana kamar minti goma sha biyar tayi laushi, rana kuwa ba sai an saya ba. Ka fara kama zobban tsakiya sannan ka fito gefe, kana daidaita ɗinki da kwarin soso, a ƙarshe ka juyo gefunan su rufe tudun kana tura soso da hannu yana cika kusurwa. Da yawa a gari da kebul tai suke kamawa maimakon zobe, yana yi ba ƙarya, amma roba ce kuma motar da take wuni a rana tana gasa ta har ta karye, in zobe ya samu shi yafi. In dole sai kebul tai ka sa mai kauri, ka juya kansa ƙasa, ka yanke jelar daf. 'Yar tattarar da zaka gani bayan ka gama kar ta dame ka, kwana kaɗan ana zama rana tana duka zata miƙe.

Mayar da kujera mota

Ka mayar da robobin gefe, ka bi hotunanka ka maƙale kowace waya inda take, ka tabbata babu wadda ta ratsa kan rel ko kusa da haƙoran na'urar ɗagawa. Shigar da kujera, jona soket duka, mai ruwan ɗorawa sai kaji ya ce ƙas kuma makullinsa ya koma. In kujerar hannu ce ka duba rel ɗin biyu suna kan daidai, dan wajen ɗauka ɗaya yakan zame gaba ya bar ɗaya, in ka ɗaure a haka kujera zata riƙa kamawa a gefe guda ko taƙi kullewa. Ka fara ɗaura notin huɗu da hannu dukkansu kafin ka matse ko ɗaya. In kana da sifana mai awo, Toyota da yawa wajen 35 zuwa 40 Nm suke nema, in babu ka matse sosai da hannu amma banda hawa da ƙafa. Noti huɗu aka sa, huɗu zaka mayar, na bel ma haka. Waɗannan su suke riƙe mutum a wajensa ranar da ba a fata.

In kujerar lantarki ce kuma wasu ramukan suna ƙarƙashinta, ka tabbata duk soket a jone suke, ka mayar da batir, sannan ka motsa ta ka ƙarasa ɗaurin.

Murɗa makulli na farko kana tsaye a waje ka miƙa hannu ta taga, ba kowa a cikin mota. Wutar iyabag zata kama kamar daƙiƙa shida ta mutu. In ta mutu alhamdulillah. Sai ka gwada kujerar gaba da baya, sama da ƙasa, ka jijjiga ta da ƙarfi kaji ko akwai inda yake motsi, ka soka bel ka fizga. Ka sa babban mutum ya zauna a gidan gaba ka tabbata alamar iyabag ɗin fasinja bata nuna a kashe ba. Toyota masu sansa a ƙarfe littafinsu yana cewa duk sanda aka kwance kujerar fasinja a sake saita ma'aunin da kwamfuta, dan haka ko wuta bata tsaya ba yana da kyau ka biya wajen mai na'ura ya saita maka. In wutar ta tsaya kuma, cire batir, jira, sake duba soket, in taƙi a jona kwamfuta a ga me ta rubuta. Wanda ya ce maka a cire ƙwan wutar ko a liƙa baƙin salatif a kanta ba gyara yayi maka ba, a motoci da yawa muddin wutar nan tana kunne wani ɓangare na iyabag ko duka a kashe yake.

Majinginin fa

Nasan tudun majingini na hagu shi ma yana cinyewa, wani lokacin ma yafi na ƙasa muni. In kaga 'yar alama a gefen majingini an rubuta SRS, wato akwai iyabag a ciki, ledar nan tana da ɗinki na musamman a gefen ƙofa, zaren da aka yi shi ya tsinke in iyabag ya taso, a ciki kuma akwai ƙyalle mai ƙarfi da yake nuna masa hanyar fita. In ka juya ta, ɗinki mai ƙarfi ne zai koma kan iyabag. Dan haka wannan ba'a juya ta, magana ta ƙare. Abinda ya rage maka shine ko dai a cike tsagar da maganin gyaran leda a shafa kala in bata yi zurfi ba, ko ka nemi majinginin hagu na Beljiyam irin na motarka a Panteka ko Oriakpata, wanda iyabag ɗinsa bai taɓa fashewa ba kuma ba'a sake ɗinke gefensa ba, ka duba zaren da kyau, ɗinkin kamfani baya ɓuya. In mai ɗinki zai canja falle toh ya zama wanda bai haɗa da wannan layin ba. Rigar kujera mai kauri da ake sawa a rufe komai ita ma matsalar ɗaya ce.

Tsofaffin motoci marasa iyabag a kujera, irinsu Peugeot 504 da 505 da aka haɗa mana nan Kakuri, ko tsohuwar Civic da Corolla, su kam zaka iya juya rigar majinginin in ramukan sun dace. Ka dai duba ramin abin murɗa ƙugu in akwai, da ramin madogarar hannu a motoci irin Sienna, dan shi a gefen ciki yake kuma in ka juya zai bar maka rami a fili ta bakin ƙofa.

Bayan ka gama zaka ga kalar mazauni da majingini sun ɗan saɓa, ɗaya yafi ɗaya duhu saboda dattin shekaru. Ruwan ɗumi da sabulu mara kaifi da tsumma mai laushi, ka goge duka biyun ka bi da busasshe, sannan ka shafa man leda na mota kaɗan ka goge rarar. A wajen wankin mota ka hana yaran nan sa omo da burushi mai tauri a kujera, da feshin dashbod mai sheƙi da suke fesawa ko'ina dan mota tayi ƙamshi, omo yana cinye rufin saman ledar shi kuma feshin santsi yake sawa ya tara ƙura. Man kaɗanya ma da wasu suke shafawa a sama yake tsayawa dan ledar mota an riga an rufe fuskarta da fenti. Ka sa abin tare rana a gilashin gaba in zaka bar mota a fili, kuma wajen shiga ka fara zama a tsakiyar kujera sannan ka juyo da ƙafafu ciki, walat ɗin aljihun baya kuma a mayar dashi aljihun gaba.